Likita Mila na Zariya, Wanda Ya Yanka wa Addu'a Lokaci

Muna rubuto muku daga Yola ta ƙasar Karaye. Mun ce ta Karaye domin kada wani ya zaci ta Adamawa ce. Tamu ƙarama ce, tana yammacin Kano, kusa da ƙasar Rogo. A wannan wata muna so mu ba ku labarin wani bawan Allah wanda ya rasu tun 1952. Ba mu taɓa ganinsa ba, amma duk mai bi da ya ke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa ya ci moriyar wahalarsa. Cikakken sunansa Walter Richard Samuel Miller, mutanen Zazzau kuwa da Likita Mila suka san shi.

Bari mu fara faɗa muku abin da ya sa muka tuna da shi. Ku dubi yadda Lahadi ta ke a majami'armu, watakila haka ta ke a taku. Muna da wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataya a reshen darbejiya, shi ne ƙararrawarmu. An shirya a kan za a shiga sujada da ƙarfe tara, mai bugu kuwa ya kan buga a kan kari, ba mu da abin zarginsa. Amma sa'ad da aka ta da waƙar fari, tsofaffin mata ne kaɗai a ciki, sai 'yan yara. Dattawa su kan iso a waƙa ta biyu. Samari kuwa sai mai wa'azi ya buɗe littafi tukuna su ke shigowa ɗai ɗai, kowa ya waiwaya ya ga ko wane ne. Sanarwa ta kan ci rabin sa'a, karatun Maganar Allah minti biyu. Ana tsakiyar addu'a wayar hannun wani ta yi kuka, ya tsallake ƙafafun mutane ya fita ya amsa. Mu da mu ke rubuta wannan ba mu fid da kanmu ba. Sau da yawa mu ma mun shiga da sanɗa, mun laɓe a bencin baya.

Maƙwabtanmu Musulmi fa suna ganinmu. Da asuba, ko a tsakiyar hunturu, ladan ya kan yi kira, mutum ya tashi ya ɗauki buta ya taɓa ruwan sanyi. Da azahar ya ajiye fartanya a bakin gona ya fuskanci gabas. An sha tambayarmu, ba da gatse ba, ko mu Kirista muna da wani lokacin tsayawa gaban Allah in ban da Lahadi. Tambayar nan tana jiran kowane mai bi da ya zauna a ƙasar Hausa, ita ce kuwa ta ke jiran Likita Mila sa'ad da ya shiga birnin Zariya.

An haife shi a 1872 a Honiton, wani ƙaramin gari a kudu maso yammacin Ingila. Ya koyi aikin likita a Landan, a babban asibitin nan mai sunan manzo Bartalamawas. Ku riƙe sunan nan, za mu sake gamuwa da shi a Wusasa. Muna tsammani aikin da ya koya ya taimaka wajen gyara halinsa, gama likita ya san magani ba ya aiki sai an sha shi bisa ƙa'ida, biyu da safe, biyu da maraice. Majinyacin da ya tara ƙwayoyin kwana bakwai ya haɗiye su gaba ɗaya ran Lahadi bai yi wa kansa gata ba.

Da ya gama karatu ya ba da kansa ga Mishan na C.M.S., watau na Ekklesiyar Angalikan, domin aikin bishara a ƙasar Hausa. Kafin ya zo sai da aka aike shi Tarabulus, can bakin Bahar Rum, ya koyi harshe, domin a zamanin nan Hausawa suna da yawa a can, fatake da alhazai masu ƙetare hamada. A nan ya gamu da wani yaro Bahaushe mai suna Abdul Majid, wanda ya ke kan hanyar Makka. Yaron nan ya taimake shi da Hausa, daga baya kuma ya zama ɗan gidansa. Likita bai yi wa harshen riƙon sakainar kashi ba. Ya naƙalce shi har ya rubuta littafin koyon Hausa domin Turawa, har ma Turawan mulki suka riƙa neman taimakonsa wajen juya takardunsu.

A farkon 1900 su biyar suka tashi daga Ikko, Bishop Tugwell ne shugabansu, tare da Richardson, da Ryder, da Burgin, da Likita Mila. Watanni suka yi suna tafiya. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da kyau, amma zuciyarsu tana Kano, sai suka wuce. A Kano Sarki Alu bai yi murna da zuwansu ba, gama sun shigo ƙasarsa ba da izninsa ba, kuma a lokacin nan Turawa ba su ci Kano ba tukuna, sai a 1903. Ya ba su kwana uku su fita. Suka komo da baya suka zauna a Girku, kudu da Zariya. A can Ryder ya yi ciwo ya mutu, Richardson ya koma gida ba lafiya, gidan da suka gina kuma wuta ta cinye shi. Ga idon mutum tafiyar nan ba ta haifi kome ba.

To, me mutane su ke yi a irin wannan wuri, inda ba majami'a, ba jama'a, ba ko mutum ɗaya mai sauraro? Ekklesiyar da ta aiko su tana da doka a kan limamanta, su yi addu'ar safe da ta maraice kowace rana, ko da jama'a ko ba jama'a, uku kuwa daga cikin biyar ɗin nan limamai ne. Dokar nan tana da tarihi. A zamanin dā a Ingila da harshen Latin a ke sujada, talaka ba ya jin ko kalma, masu zaman zuhudu kuma su kan yi addu'a sau bakwai ko takwas tsakanin dare da rana, abin da manomi ba zai iya ba. Sai babban Bishop na Kantabari, Thomas Cranmer, ya tattara waɗannan ya mai da su biyu, safe da maraice, da harshen da kowa ya ke ji. Littafinsa na addu'a ya fito a 1549. Shi kansa an ƙone shi da wuta a Oksfod a 1556, a zamanin Sarauniya Maryamu, amma shirin da ya yi bai ƙone ba. Cikinsa Likita Mila ya girma, shi ne kuma ya ɗauko ya kawo ƙasarmu.

Bai fid da zuciya ba bayan abin da ya faru a Girku. Ya yi ta kai da kawowa har a 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Ya buɗe ɗakin magani, ya fara makaranta. Ku tuna irin garin da Zariya ta ke. Garin malamai ne, kowace unguwa da zauren karatunta, ga kuma babban masallacin Jumma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa, wanda har yau magina su ke mamakinsa. A can da lokatan salla a ke ƙidaya yini. In an yi maka alkawari, bayan la'asar za a ce, ko kafin magariba. Turawan mulki kuma ba su so a yi wa'azi a fili cikin biranen sarakuna. Saboda haka abin da mutanen gari za su iya gani na addinin baƙon nan shi ne zaman gidansa: yaushe a ke tashi, yaushe a ke addu'a, yaya yara su ke gaida manya, ko maganarsa ɗaya ce.

Likita bai yi aure ba. Yaran makarantarsa su ne iyalinsa, a gidansa su ke kwana, su ke ci, su ke karatu. Waɗansu 'yantattun bayi ne da ba su da kowa, waɗansu 'ya'yan mutanen gari. Ya riƙe su da horo irin na makarantun kwana na ƙasarsu, kome da lokacinsa, addu'a kuwa tana cikin abubuwan da a ke yanka wa lokaci, kamar abinci da darasi. Domin yaran su yi sujada da harshen da suka sha a nono, ya juya addu'ar safe da ta maraice zuwa Hausa, tare da waƙoƙi.

Yana da kyau mu bayyana shirin addu'ar nan, domin da yawa cikin masu karatu ba 'yan Angalikan ba ne. A kan fara da furta zunubi, kowa a durƙushe, babba da yaro da baki ɗaya, sa'an nan a ji albishir na gafara. A yi Addu'ar Ubangiji. A karanta Zabura, an kuwa rarraba su ɗari da hamsin ɗin nan bisa kwanakin wata, har wanda ya ke bi kullum ya kan sauke su duka kowane wata. Sai karatu biyu, ɗaya daga Tsohon Alkawali, ɗaya daga Sabo, da waƙar yabo bayan kowanne. Ba abin da mai karatu ya ga dama ya ke buɗewa ba. Akwai jerin da aka shirya na shekara, domin jama'a su ratsa yawancin Littafin, har da wuraren da ba su da daɗin ji. Sa'an nan a miƙe tsaye a faɗi Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, a rufe da roƙo domin salama, da masu mulki, da dukan mabukata. Duka ba ya wuce rabin sa'a. Abin da ya ba mu sha'awa shi ne, mutum ba ya fara roƙo sai ya furta laifinsa, ya kuma saurari Allah tukuna. Mu kuwa sau da yawa da buƙatunmu mu ke buɗe baki, da su mu ke rufewa.

Ku lura da wani abu kuma. Sujadar da ta ke neman Zabura da karatu biyu kowace safiya da kowane maraice ba ta yiwuwa sai akwai Littafin da harshen jama'a. Kafin Likita waɗansu sun taɓa aikin. Wani Bajamushe mai suna Schön ya juya littattafai da dama tun a ƙarni na 19, da taimakon wani yaro Bahaushe, Dorugu, amma shi bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, Hausarsa kuwa ba ta zauna a kunnen mutane ba. Likita ya ɗauki aikin daga tushe, shi da malaman Hausa da suka zauna tare da shi, da ma'aikatan waɗansu mishan. Shekaru wajen talatin ana fama, aya bayan aya, kafin Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Irin wannan aiki ba a yinsa da zafin rana ɗaya. Sai mutumin da ya saba zama a kan tabarma ɗaya, a sa'a ɗaya, ko yana jin daɗi ko ba ya ji. Tsofaffinmu da yawa da juyin nan na 1932 suka haddace ayoyinsu, har yanzu kuwa in an karanta musu sabon juyi su kan gyara wa mai karatu da na dā.

Shekarunsa na fari a birni ba su ba da 'ya'ya da yawa ba. Masu tuba kaɗan ne ƙwarai. Sai wajen 1913 Allah ya buɗe wata ƙofa inda ba a zata ba. Tun a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya yi ta nazarin abin da Alkur'ani ya faɗa a kan Annabi Isa, har ya ɗaukaka shi ƙwarai cikin koyarwarsa. Aka kashe shi a kasuwar Kano saboda ya ƙi janye maganarsa. Almajiransa, waɗanda a ke kira Isawa, suka watse, waɗansu suka nufi Ningi, waɗansu suka zauna a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau. Ba su da Linjila a hannu, amma suna jiran ranar da za a kawo musu cikakken labarin Isa. Daga cikin zuriyarsu ne waɗansu suka zo wurin Likita a Zariya, suka ji, suka koma suka kira 'yan'uwansu.

Aka nema musu wuri inda za su zauna tare, aka samu a Gimi, wajen Maƙarfi. Ga mu nan Karaye da Rogo wannan ba nesa ba ne, gama ƙasar Rogo ta yi iyaka da ta Maƙarfi, hanya ma ta haɗa su. Wani limami baƙin mutum daga tsibiran Indiya ta Yamma, W. A. Thompson, shi ya zauna tare da su. Suka sari daji, suka yi gonaki, suka gina majami'a da makaranta. Mutanen nan jikokin malamai ne, sun tashi cikin ladabin allo da kiyaye lokacin ibada. Mu kan yi tunani, da a ce sun tarar da masu bin Yesu suna sujada yadda mu ke yi a yau, wannan na shiga wancan na fita, da wane ido za su dube mu? Abin da suka tarar a hannun Likita da Thompson ibada ce mai lokaci da tsari, da Hausa, irin wadda mutum mai kunya zai iya kawo mahaifinsa ya gani.

Amma murnar Gimi ba ta daɗe ba. Akwai ƙudan tsando a kurmin rafin wurin, ciwon barci ya shiga garin. A lokacin nan ba a sami maganinsa na kirki ba tukuna. Mutane suka yi ta mutuwa, manya da yara, har cikin 'yan shekaru kaɗan garin ya watse, sauran da suka tsira aka komo da su Zariya. Likita ne shi, amma yana ji yana gani mutanen da ya fi sa zuciya a kansu suka ƙare a gabansa. Gonakin suka koma daji. Abin da ya ragu shi ne abin da aka riga aka dasa cikin yaran, watau karatu, da addu'o'in da suka haddace, da sabon tashi a tsaya gaban Allah da safe. Daga zuriyar Isawan nan aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Daga makarantar mishan ɗin kuma aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na fari ɗan Arewa, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East.

Kada mu ɓoye muku, Likita Mila mutum ne mai tsanani, mai wuyar sha'ani. In ya ga abu daidai ne, ba ya jin kira. Ya yi ta gardama da Turawan mulki a kan zaluncin da ya ce ana yi wa talakawa, ƙarar da ya riƙa kaiwa kuwa tana cikin abin da ya sa aka tuɓe Sarki Aliyu Ɗan Sidi aka kai shi Lakwaja, inda ya rasu. Zazzagawa da yawa, waɗanda su ke tunawa da sarkin nan saboda waƙoƙinsa, ba su yafe wa Likita wannan ba. Da abokan aikinsa na mishan ma ba kullum a ke shiri ba. Ba mu kawo wannan domin mu ɓata shi ba. Mun kawo shi ne saboda dattawanmu masu son horo, waɗanda za su karanta labarin nan su ce ga shi, dama abin da mu ke faɗa ke nan. Horo yana da kyau, amma hannun da ya ke riƙe da bulala yana bukatar a horar da shi shi ma.

Gwajin Likita a kan wannan ya zo wajen 1929. Gwamnati ta daɗe tana so mishan ya fita daga cikin birni, wurin kuma ya yi musu kaɗan. Sababbin ma'aikata matasa, Guy Bullen ne a gabansu, suka ga ya kamata a ƙaura zuwa Wusasa, bayan ganuwa, gindin dutse, inda za a sami filin makaranta da asibiti. Likita bai so ba. Ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana riƙe da wurin nan na cikin birni, a ganinsa fita ja da baya ne. Aka rinjaye shi. Mutumin da ya saba a yi masa biyayya, ran nan shi aka nema ya yi, abin kuwa ya yi masa nauyi. Ya bar Zariya ya koma Kano, a can ya ƙarasa aikin juyin Littafi, a 1935 kuma ya ajiye aiki da C.M.S.

A Wusasa fa? Aka gina majami'a da ƙasa, ginin Hausa sosai, da bakan gizo irin na sorayen Zazzau, aka sa mata sunan Bartalamawas, sunan asibitin da Likita ya yi karatu. Aka ci gaba da addu'ar safe da ta maraice da Hausar da ya juya, shi kuwa ba ya nan. Wannan ne wurin da ya fi taɓa mu cikin labarin duka. Da a ce sujadar Zariya a kan ƙwarjinin mutum ɗaya ta rataya, ko a kan daɗin bakinsa, da ranar da ya hau jirgin Kano ta mutu. Amma ya bar musu abin da katakis zai iya bi, malamin makaranta zai iya bi, har dattijon da karatunsa bai yi ƙarfi ba. A makarantar Wusasa ɗin nan ce Janar Yakubu Gowon ya yi karatunsa na fari, mahaifinsa kuwa mai bishara ne a can.

Mun san abin da waɗansu 'yan'uwa za su ce. A ƙasarmu ta Karaye da Rogo akwai 'yan Angalikan, har suna da Bishop nasu a Bari, akwai kuma 'yan E.C.W.A., wadda ta fito daga aikin Mishan na S.I.M. ta tsaya da ƙafarta a 1954, da waɗansu ekklesiyoyi. Da yawa cikinmu an koya mana mu yi addu'a daga zuciya, ba daga takarda ba, muna kuwa tsoron maimaici na baki kawai. Tsoron nan yana da dalili, Ubangijinmu da kansa ya yi gargaɗi a kansa. Mun taɓa jin an faɗi Addu'ar Ubangiji da gudu kamar ana koran kaji. Ba muna cewa kowa ya ɗauki littafin Angalikan ba. Amma ku karanta sura ta 14 ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa. Mutanen nan suna da baye-baye na Ruhu fiye da mu, duk da haka manzo ya tsawata musu domin kowa yana magana gaba ɗaya, baƙo in ya shigo sai ya ce mahaukata ne. Ya umarce su su yi bi da bi, biyu ko uku, sauran su saurara. Daniyel yana da sa'o'insa uku na addu'a kowace rana, maƙiyansa ma sun san su, da su suka kama shi. Bitrus da Yohanna suna kan hanyar haikali a sa'ar addu'a ne suka gamu da gurgun nan. Ko majami'ar da ba ta da littafin addu'a tana iya sanin lokacin farawa, da wanda zai yi karatu, da surar da za a karanta, tun kafin ranar.

Wa ya fi cin ribar tsari? A ganinmu marasa ƙarfi ne. Akwai tsofaffin mata a ƙauyukanmu, waɗanda suka fito daga gidajen Maguzawa, ba su taɓa riƙe alli ba. Amma sun san Addu'ar Ubangiji, da Dokoki Goma, da Zabura ta 23, da waƙoƙi masu yawa, domin sun ji su a wuri ɗaya cikin sujada shekara da shekaru. Ranar da ido ya dushe, ko ciwo ya kwantar da su, abin nan ne ya ke fitowa daga bakinsu. In kowace Lahadi sabon salo ne, mai jagora yana yin abin da ya faɗo masa a rai, masu karatu ba su yi hasara sosai ba, gama suna da Littafi a gida. Tsohuwa ce ta koma hannu wofi. Haka kuma ƙananan majami'u na ƙauye, inda fasto ɗaya ya ke kewaya wurare huɗu ko biyar a kan babur. Ran da bai zo ba, in akwai shirin da kowa ya sani, sai dattijo ya miƙe a yi sujada. In babu, sai a yi 'yan waƙoƙi a watse.

A gida ma haka. Da rani mu kan yi ƙoƙari, amma da ruwa ya sauka sai addu'ar safe ta zama abin fari da mu ke yarwa, domin a riga rana zuwa gona. Da kaka kuma gajiya ta hana ta maraice. Mu a gidanmu mun gwada mu ce za mu yi in an sami sarari, muka ga sarari ba ya zuwa. Sai da muka ɗaura ta a kan abin da ba ya fashi, watau kafin a sha koko da safe, da bayan tuwon dare kafin a ɗauke kwanuka, muka kuma sa zare a Littafi domin gobe a tashi daga inda aka tsaya. Yaran da suka iya karatu suna karɓa bi da bi. Ba kullum zuciya ta ke ciki ba, gaskiya ce. Wata rana mai karatu yana hamma, masu ji suna gyangyaɗi. Amma yanzu in mun manta, ƙaramar cikinsu ce ta ke ɗauko Littafin ta ajiye a kan tabarma.

Bayan ya bar C.M.S. Likita Mila bai iya rabuwa da ƙasar nan ba. Ya rubuta littattafai da Turanci a kan abin da ya gani a Nijeriya, yana faɗin ra'ayinsa ba tsoro kamar yadda ya saba, ya kuma rubuta labarin ransa, wanda Kamfanin Gaskiya na Zariya ya buga. Kwanakinsa na ƙarshe a Bukuru ya yi su, kusa da Jos, ya rasu a 1952 yana da shekara 80. Tsohuwar majami'ar ƙasa ta Wusasa tana nan tsaye har yanzu. Wanda hanya ta bi da shi Zariya, in ya ratse kaɗan ya roƙi masu tsaron wurin, za su nuna masa.